Matsakaicin Matsakaitai: Kuskuren da Kwamfuta Ke Bugawa da Kyakkyawan Rubutu

Gabatarwa

A ƙarshen kowane wata, kamfanoni da bankuna da asibitoci da ma'aikatu kan fitar da rahoton ayyukansu. A da, akawu ne ke zama da babban littafi da biro ya haɗa shi. Yau kuwa manhajojin kwamfuta ne ke yin aikin. Su ke tattaro alƙaluma daga rassa daban-daban, su jera su layi-layi, sa'an nan a can ƙasan shafi su buga lamba guda da sunan matsakaici na gaba ɗaya. Wannan lamba ta ƙasa ita manaja ke fara dubawa, ita ake karantawa a taron shugabanni, kuma a kanta ake yanke shawarar ɗaukar ma'aikata ko sallamarsu, cin bashi ko buɗe sabon reshe.

Abin da wannan maƙala za ta nuna shi ne, yana yiwuwa kowace lamba da ke saman shafin ta kasance daidai, amma ta ƙasan ta kasance kuskure, ba don kwamfutar ta lalace ba, ba kuma don wani ya yi maguɗi ba. Dalili shi ne an ɗauki matsakaitai da yawa, an tara su, an raba da yawansu, kamar dai dukansu nauyinsu ɗaya. Wannan shi ne matsakaicin matsakaitai. Yana kama da amsa, amma Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane.

Abin da Matsakaici Ke Ɓoyewa

Duk ɗalibin ƙaramar sakandare ya san yadda ake fitar da matsakaici: a tara lambobi, a raba jimlar da yawansu. Idan ɗalibai biyar sun ci maki 40 da 50 da 60 da 70 da 80, jimla 300 ke nan, a raba biyar a sami 60. Ashe ke nan matsakaici ɗa ne mai iyaye biyu, wato jimla da adadi. Sai dai da zarar an yi rabawar, iyayen nan sun ɓace wa mai kallo. Wanda aka nuna wa 60 kaɗai ba shi da hanyar sanin ko daga mutum biyar ta fito, ko daga mutum ɗari biyar.

Ɗan kasuwa bai cika faɗawa wannan rami ba, ko da bai taɓa shiga aji ba. A ce wani mai hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano ya sayi gero buhu 90 a kan N30,000 kowanne, ya kuma ƙara buhu 10 a kan N50,000 kowanne. Ba zai taɓa cewa buhu ya zo masa a kan N40,000 ba, don kawai ita ce tsakiyar farashin biyu. Abin da ya fita daga aljihunsa zai ƙirga: N2,700,000 da N500,000, wato N3,200,000 a kan buhu 100. Kowane buhu ya tsaya masa a N32,000. Shi da kuɗin suka fita ta hannunsa bai manta da yawan buhunan ba. Wanda ke mantawa shi ne wanda aka miƙa wa takarda mai ɗauke da farashi biyu kaɗai, ba a gaya masa buhu nawa ke bayan kowanne ba.

Rahoton Kamfani Mai Rassa Uku

Bari mu ƙaddara wani kamfanin sayar da kayan masarufi mai rassa uku. Ga abin da rassan suka yi a wata guda:

Reshen farko: masu saye 900, ciniki N4,500,000, matsakaicin abin da mutum ɗaya ya kashe N5,000.

Reshe na biyu: masu saye 80, ciniki N800,000, matsakaici N10,000.

Reshe na uku: masu saye 20, ciniki N600,000, matsakaici N30,000.

Kowane reshe ya yi lissafinsa daidai. Yanzu sai babban ofis ya buƙaci sanin abin da mai saye ɗaya ke kashewa a kamfanin baki ɗaya. Mai haɗa rahoto ya zaɓi lambobi ukun nan na ƙarshe, ya umarci manhaja ta fitar da matsakaicinsu. Ta tara 5,000 da 10,000 da 30,000 ta sami 45,000, ta raba uku, ta buga N15,000.

Amsar gaskiya kuwa sai an koma ga iyayen lambobin. Jimlar ciniki N5,900,000 ce, jimlar masu saye 1,000. Idan aka raba, N5,900 za a samu. Wato rahoton ya ninka gaskiya fiye da sau biyu da rabi. Abin da ya faru shi ne an ba mutum 20 na reshe na uku ƙuri'a daidai da ta mutum 900 na reshen farko.

Mai karatu zai iya cewa ai lamba ce kawai a takarda. To, a duba abin da zai biyo baya. Manajan da ya gaskata N15,000 zai yi hasashen cewa masu saye 1,000 za su kawo masa naira miliyan 15 a wata mai zuwa, alhali abin da za su kawo bai kai miliyan 6 ba. A kan wannan hasashe zai iya cin bashin banki, ya cika sito da kaya, ya yi wa ma'aikata alƙawarin ƙarin albashi. Giɓin da ya haura miliyan 9 ba zai bayyana ba sai ranar biyan bashi.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke tona asirin irin wannan lamba. Matsakaici na gaskiya, idan aka ninka shi da adadi, dole ne ya mayar da mu ga jimla. Ninka 5,900 sau 1,000, za ka sami ainihin kuɗin da suka shiga akwati. Ninka 15,000 sau 1,000, za ka sami kuɗin da ba wanda ya taɓa gani.

Me Ya Sa Manhaja Ba Ta Hana Shi?

Manhajar jadawalin lissafi ta farko da ta yi fice a ƙananan kwamfutoci ita ce VisiCalc, wadda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a Amurka a 1979. Lotus 1-2-3 ta biyo baya a 1983, sai Excel ta kamfanin Microsoft a 1985. Daga bisani aka sami manhajojin da aka ƙera musamman don rahoton kasuwanci, irin su Tableau da Power BI, masu ɗebo bayanai kai tsaye daga rumbun bayanan kamfani su mayar da su jadawali da zane. Duk da ci gaban da aka samu, akwai hali guda da suka yi tarayya a kansa: suna aiki ne da lambobin da aka nuna musu, ba da ma'anar lambobin ba. Umarnin AVERAGE na Excel, alal misali, tarawa yake yi ya raba da yawan guraben da ke ɗauke da lamba. Ba ya tambayar ko lambar da ke cikin gurbi makin yaro ɗaya ce ko matsakaicin jiha guda.

Kuskuren kan shigo ta ƙofofi biyu. Ta farko ita ce taƙaita bayanai tun kafin su iso. Babban kamfani na iya yin ciniki dubbai a rana, don haka sau da yawa ba a aika wa babban ofis kowane rasit, sai dai taƙaitaccen layi ɗaya daga kowane reshe. Idan manhaja tana da rasit ɗin duka a hannunta, aka ce ta fitar da matsakaicin kowane reshe da na gaba ɗaya, za ta koma ga rasit ɗin ta ba da amsa daidai. Amma idan abin da aka ba ta tun farko matsakaitan rassa ne, to ba ta da abin da za ta tara sai su.

Ƙofa ta biyu ita ce jerin aiki, wato a raba kafin a tara, ko a tara kafin a raba. A ce an sayar da kaya iri biyu. Na farko an sayar a N1,000 aka ci ribar N500, wato kashi 50 cikin ɗari. Na biyu an sayar a N99,000 aka ci ribar N4,950, wato kashi 5 cikin ɗari. Idan aka sa manhaja ta fitar da kason riba a kowane layi sa'an nan ta ɗauki matsakaicinsu, za ta ce kashi 27.5. Idan kuwa aka ce ta tara riba duka, N5,450, ta raba da ciniki duka, N100,000, za ta ce kashi 5.45. Umarnin biyu sun yi kama a ido, amsoshinsu kuwa ɗaya ta ninka ɗaya sau biyar. A lura cewa kashi cikin ɗari shi ma matsakaici ne da ya sauya riga, don haka duk abin da muka faɗa a nan ya hau kansa.

Akwai dalilin da ya sa kuskuren ke daɗewa ba a gane shi ba. Idan rukunonin girmansu ɗaya, matsakaicin matsakaitai kan zo daidai da amsar gaskiya. Haka nan idan girmansu ya yi kusa, kamar watanni masu kwana 30 da masu 31, bambancin ba ya taka kara ya karya. Saboda haka rahoto na iya tafiya lafiya shekara da shekaru, har ranar da aka buɗe wani ƙaramin reshe, ko wani reshen ya bunƙasa ya bar sauran. Ranar nan lissafin da aka saba da shi zai fara ƙarya, kuma ba ƙararrawar da za ta kaɗa.

Magani: A Ba Kowa Nauyinsa

Gyaran ba shi da wuya. A ninka kowane matsakaici da adadin da ya haife shi, a tara sakamakon, a raba da jimlar adadin. A misalinmu na rassa, 5,000 sau 900, da 10,000 sau 80, da 30,000 sau 20, su za su mayar da mu ga N5,900,000, a raba da 1,000. Masana lissafi na kiran adadin nan nauyi, domin shi ke nuna yadda kowane rukuni zai rinjayi amsa, kamar yadda dutsen awo ke rinjayar sikeli. A Excel, umarnin SUMPRODUCT ne ke yin ninkawa da tarawar a lokaci guda, sai a raba abin da ya bayar da jimlar adadi. Masu tsara rumbun bayanai kuma suna da ƙa'ida: kada a ajiye matsakaici shi kaɗai, a ajiye jimla da adadi, domin su ana iya tara su daga rana zuwa wata, daga reshe zuwa kamfani, ba tare da sun gurɓace ba.

A Makaranta da Ɗakin Gwaji

Kada malamai su ɗauka wannan matsalar 'yan kasuwa ce kaɗai. A ce aji biyu sun zana jarrabawar ilimin halittu. Ajin farko ɗalibai 60 ne, matsakaicinsu 45. Na biyu ɗalibai 20, matsakaicinsu 75. Wanda ya yi gaggawa zai rubuta wa shugaban makaranta cewa matsakaicin duka 60 ne. Gaskiyar kuwa 2,700 da 1,500, wato 4,200, a raba 80, a sami 52.5. Makarantar da ta ga 60 za ta ce babu damuwa, alhali kashi uku cikin huɗu na ɗaliban suna ajin da matsakaicinsa bai kai rabin maki ba.

Ɗaliban da ke shirin shiga jami'a su ma su buɗe kunne. A jami'o'in Nijeriya masu amfani da ma'aunin maki 5, digiri mai daraja ta biyu ta sama na farawa ne daga 3.50, kuma kowane darasi yana da nauyinsa da ake kira yunit. A ce ɗalibi ya ɗauki yunit 24 a zangon farko ya sami 3.00, ya ɗauki yunit 15 a zango na biyu ya sami 4.20. Idan ya tara biyun ya raba biyu zai ga 3.60, ya yi murna. Ofishin jarrabawa kuwa zai ninka 24 da 3.00 ya sami 72, ya ninka 15 da 4.20 ya sami 63, ya raba 135 da 39, ya rubuta 3.46. Tazarar ba ta da yawa, amma ta isa ta raba shi da darajar da yake zaton ya taka.

Haka abin yake a ɗakin gwaji. Idan aka shuka ƙwayar wake 10 a faranti ɗaya 9 suka tsiro, aka shuka 190 a wani 95 suka tsiro, kason farko 90 ne na biyu 50. Tsakiyarsu 70, amma abin da ya tsiro a zahiri 104 ne cikin 200, wato kashi 52. Manomin da aka gaya wa 70 zai rage irin da yake zubawa a rami, gonarsa ta fito da giɓi.

Tsakuwar Ƙoda da Ruɗanin Simpson

Zuwa nan mai karatu zai iya zaton cewa da zarar an koma ga jimla da adadi, magana ta ƙare. Ba haka ba ne, kuma fannin lafiya ya ba mu misali na gaske. A 1986, Charig da abokan aikinsa suka wallafa wani bincike a mujallar likitocin Birtaniya, inda suka kwatanta hanyoyin cire tsakuwa daga ƙoda. Biyu daga ciki su ne tiyatar da ake yanka jiki a buɗe, da kuma wadda ake huda 'yar ƙaramar kafa ta baya a zura bututu. Kowace hanya an yi wa mutum 350. Tiyatar buɗewa ta yi nasara a kan 273, wato kashi 78. Ta hudawa ta yi nasara a kan 289, wato kashi 83. Da wannan kaɗai, sai a ce hudawa ta fi.

Amma da aka raba majinyatan bisa girman tsakuwarsu, sai labari ya juya. Ga masu ƙaramar tsakuwa, buɗewa ta yi nasara a kan 81 cikin 87, kashi 93, hudawa kuma 234 cikin 270, kashi 87. Ga masu babbar tsakuwa, buɗewa ta yi nasara a kan 192 cikin 263, kashi 73, hudawa kuma 55 cikin 80, kashi 69. Wato buɗewa ta fi a rukunin farko, ta fi a na biyu, amma da aka haɗa su sai ta koma baya.

Babu sihiri a ciki, nauyi ne. Mafi yawan waɗanda aka yi wa buɗewa masu babbar tsakuwa ne, waɗanda dama cutarsu ta fi wuyar magani, yayin da mafi yawan waɗanda aka yi wa hudawa masu ƙaramar tsakuwa ne. Kashi 78 da kashi 83 duka lissafi ne na gaskiya, sai dai ba da mudu ɗaya aka auna su ba. In ana son kwatanci na adalci, sai a ɗora wa hanyoyin biyu nauyi iri ɗaya. Idan aka ɗauka rabin majinyata masu ƙaramar tsakuwa ne rabi masu babba, buɗewa za ta sami kashi 83, hudawa 78. Wannan bayani ne na lissafi a kan alƙaluman wancan lokaci, ba shawarar likita ba, domin aikin tiyata ya ci gaba ƙwarai tun daga 1986.

Ana kiran wannan juyi Ruɗanin Simpson, da sunan Edward Simpson, masanin ƙididdiga ɗan Birtaniya da ya yi bayaninsa a 1951, ko da yake Karl Pearson a 1899 da Udny Yule a 1903 sun riga shi lura da shi. Ɗaliban ilimin halittu za su sake haɗuwa da sunan nan, domin shi ne mai ma'aunin nan na 1949 da ake auna yawan bambancin nau'o'in halittu a muhalli da shi.

Darasi Daga Wata Jami'a a Amurka

A 1973, alƙaluman neman gurbin karatun gaba da digirin farko a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun nuna cewa cikin maza 8,442 an ɗauki kimanin kashi 44, cikin mata 4,321 kuwa kimanin kashi 35. Wannan ya sa aka yi tunanin ko ana danne mata. Peter Bickel da Eugene Hammel da William O'Connell suka bi alƙaluman sashe-sashe, suka wallafa sakamakonsu a mujallar Science a 1975.

Idan muka ɗauki manyan sassa shida na jami'ar, kason mazan da aka ɗauka shi ne 62 da 63 da 37 da 33 da 28 da 6. Na mata kuwa 82 da 68 da 34 da 35 da 24 da 7. A huɗu cikin shidan mata ne a gaba. Wanda ya ɗauki matsakaicin waɗannan lambobi zai ce maza kashi 38, mata kashi 42. Wanda ya tara mutanen kuwa zai ga an ɗauki maza kimanin kashi 45 cikin 2,691, mata kimanin kashi 30 cikin 1,835. Alƙaluma ɗaya, amsoshi biyu masu karo da juna. Sirrin shi ne maza 1,385 ne suka nemi sassa biyun farko masu sauƙin shiga, mata kuwa 133 kacal. Galibin matan sun nufi sassan da ke mayar da mafi yawan masu nema, maza da mata. Ashe tambayar da ta dace ba ta tsaya ga wa aka hana a bakin ƙofa ba, ta haɗa da me ya sa mata suka taru a ƙofofin da suka fi ƙunci. Layin ƙasan rahoto shi kaɗai ba zai taɓa kai mutum ga wannan tambaya ba.

Nauyi a Ma'aunin Farashi

Har hukumomin ƙasa sun sha fama da wannan batu. A 1764 wani Ba'italiye mai suna Gian Rinaldo Carli ya auna tashin farashi ta hanyar duba sau nawa farashin kowane kaya ya ninka, sa'an nan ya ɗauki matsakaicin ninkin. A ce shinkafa ta tashi daga 100 zuwa 200, wato ninki 2, wake kuma ya faɗi daga 100 zuwa 50, wato 0.5. Matsakaici 1.25. Wata mai zuwa kowanne ya koma farashinsa na da, ninkin ya zama 0.5 da 2, matsakaici 1.25 kuma. Idan aka haɗa watannin biyu, ma'aunin zai ce farashi ya tashi da kashi 56, alhali komai yana inda yake. Tsohon ma'aunin farashin kaya na Birtaniya yana amfani da wannan hanya ga wasu kayayyaki, kuma saboda wannan rauni hukumar ƙididdigar ƙasar ta cire shi daga jerin amintattun alƙaluman ƙasa a 2013.

A Nijeriya, lambar hauhawar farashi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa duk wata matsakaici ce da aka ba kowane kaya nauyinsa, gwargwadon abin da gidaje ke kashewa a kansa. A 2025 hukumar ta sabunta ma'aunin, inda nauyin abinci ya sauko daga kusan kashi 52 zuwa kusan kashi 40. Magidancin da kusan duk abin da yake samu ke tafiya a cefane zai ji tsadar abinci fiye da yadda lambar ƙasa ke nunawa, domin nauyin gidansa daban ne da na ƙasa baki ɗaya.

Wace Tambaya Ake Amsawa?

Daga duk abin da ya gabata, za mu fahimci cewa babu matsakaicin da ba shi da nauyi. Wanda ya tara matsakaitai uku ya raba uku, shi ma ya zaɓi nauyi, ya ba kowane rukuni kashi ɗaya cikin uku, ko ya sani ko bai sani ba. Wani lokaci wannan zaɓin ne ya dace. Idan tambayar ita ce yaya reshe ɗaya yake a tsakanin rassa, ko kuma mai binciken muhalli yana kwatanta tafkuna goma inda kowane tafki abu guda ne a wurinsa, to daidai ne kowanne ya sami ƙuri'a ɗaya. Idan kuwa tambayar a kan mai saye ce, ko ɗalibi, ko majinyaci, ko naira, to su za a ƙirga. Laifin ba ya ga rabawa da uku, yana ga yi wa amsar wata tambaya laƙabin wata.

Saboda haka, duk wanda aka miƙa wa rahoto, ya yi waɗannan abubuwa huɗu. Na ɗaya, ya tambayi mutum nawa ko abu nawa ke bayan kowane matsakaici, kuma ya nemi a buga adadin kusa da shi. Na biyu, ya ninka lambar ƙasa da jimlar adadi ya ga ko za ta mayar da shi ga jimlar gaskiya. Na uku, ya bincika ko tarawa aka fara yi ko rabawa. Na huɗu, idan ana kwatanta abu biyu, ya dubi rukuni-rukuni kafin ya amince da jimla.

Kammalawa

Kwamfuta ta sauƙaƙa lissafi, amma ba ta ɗauke wa ɗan Adam nauyin sanin abin da yake ƙirgawa ba. Hasali ma ta ƙara masa, domin lambar da ta fito da tsabtataccen bugu da zane mai launi ta fi saurin shiga rai a kan wadda akawu ya rubuta da biro. Malaman lissafi da na kimiyya za su yi wa ɗalibansu babban gata idan suka riƙa ba su misalai masu rukunoni marasa girma ɗaya, maimakon waɗanda kullum ke zuwa daidai wa daida.

Ga wani aiki da za a iya gwadawa a aji. Mota ta yi tafiyar kilomita 120 tana gudun kilomita 60 a awa, ta dawo ta hanyar tana gudun kilomita 40 a awa. Mene ne matsakaicin gudunta a tafiya da dawowa? Amsar ba 50 ba ce. A fara da tambayar awa nawa ta yi a kowane zango, daga nan za a ga inda nauyin yake.